Gidan Sarkin Sin a Wayoyin Tambuwal da Kebbe

Shekara 20 da suka wuce, idan aka ce "ɗan Caina" a Tambuwal, babu mai kawo soyayya a ransa. Fim ne na duka da tsalle, na su Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li, wanda samari ke cika gidan kallo dominsa, su fito suna gwada naushi a junansu. Mata kuwa nasu Indiya ne, sai na Hausa da ke zuwa daga Kano. Yau wanda ya tsaya a rumfar masu cajin waya da tura finafinai, a bakin titin Tambuwal ko Dogon Daji, ko ranar kasuwa a Kebbe da Kuchi, zai ga yaron da aka aiko daga cikin gida da memori a hannu, yana cewa a sa masa "na sarauta", ci gaban wanda aka tura wancan makon. Abin da ake nufi shi ne dogayen wasannin kwaikwayon ƙasar Sin masu ba da labarin gidajen sarakunan da, inda soyayya da kishi da neman mulki suka cakuɗe. Ina cikin waɗanda abin ya kama, kuma ina ganin ya kai a tsaya a dube shi da kyau.

Hanyar da suka biyo ba ɓoyayyiya ba ce. Gidan rediyon ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa tun 1963, amma murya ce kawai. Hoto ya shigo da ƙarfi bayan da kamfanin StarTimes ya fara aiki a Najeriya a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA, da dikodarsa mai araha da tashoshin da ke nuna wasannin Sin da aka juya zuwa harsunan Afirka, har da Hausa. A Disamban 2015, wajen taron Sin da Afirka a Johannesburg, Shugaba Xi Jinping ya yi alkawarin kai talabijin mai aiki da tauraron ɗan'adam ƙauyukan Afirka 10,000, aka ware wa Najeriya 1,000. Sai dai a ƙauyukan Kebbe, inda wuta ba ta da tabbas kuma intanet sai an yi sa'a, waya da memori sun fi dikoda aiki. Wasu shirye-shiryen na zuwa da fassarar Hausa irin ta masu juya finafinan Indiya, wasu da rubutun Turanci a ƙasa, wasu kuma haka nan ake kallonsu, fuska da hawaye su yi tafinta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Story of Yanxi Palace, labarin sashen Yanxi na gidan sarki, wanda dandalin iQiyi ya fitar a 2018 cikin kashi 70. An kalle shi sama da sau biliyan 15, kuma a waccan shekarar babu shirin talabijin da aka nema a Google kamarsa a duniya, alhali Google ba ya aiki a ƙasar Sin. Labarin wata yarinya ce, Wei Yingluo, wadda Wu Jinyan ta fito a matsayinta. Ta shiga fadar Sarki Qianlong a matsayin kuyanga mai ɗinkin ado, da nufin gano wanda ya kashe yayarta. Ba ta da gata, ba ta da dangi masu faɗa a ji, abin da take da shi allura ne da kaifin hankali da zuciyar da ba ta yarda a taka ta. Uwargidan sarki, mace mai sanyin hali daga gidan Fuca, ta ɗauke ta kusa da ita, ta koya mata rubutu da karatu, ta riƙe ta tamkar ƙanwa. Ƙanen uwargidan, Fuheng, dogarin sarki kuma ɗan babban gida, ya kamu da sonta, ita ma ta kamu.

Nan ne gwanintar shirin take. Fuheng da Yingluo ba su yi aure ba. Ya auri wata domin ya ceci ranta daga fushin sarki, ita kuma daga baya ta zama matar sarkin. Suka ci gaba da rayuwa cikin ganuwa ɗaya shekara da shekaru, suna haɗuwa a hanya, ya sunkuyar da kai ya gaishe ta da sunan muƙaminta, ta amsa ta wuce. Kashi bayan kashi, ba rungume-rungume, ba kalaman da za a ji kunyar maimaitawa gaban surukai. Duk abin da ke zuciya sai ya fito ta hanyar ɗan ƙunshin turare da aka ɗinka aka bayar, ko kallon da aka yi saurin ɗaukewa. Bahaushen da ya tashi inda mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Ya san nauyin maganar da aka haɗiye, ya kuma san kara na iya sa mutum ya bar abin da ransa ya fi so.

Wata gwaggona a Tambuwal, wadda ta haura shekara 60 kuma ta yi rabin rayuwarta tana ɗinkin hula, ta kalli shirin kaf a wayar jikanyarta, yarinyar na karanta rubutun tana fassara mata. Da na je gaishe ta, ba sarki ko soyayya ta fara yi mini magana a kai ba. Cewa ta yi: "Ɗana, kai dai duba hannun yarinyar ga. Wanga ɗumki ba wasa na ba." Daga baya ta ƙara da cewa: "Ba ta da uwa ba ta da uba cikin gidan ga, amma ta san inda taka aza ƙahwa." Na daɗe ina juya wannan magana. Gwaggo ta zauna da kishiyoyi, ta ga amare sun shigo sun fita, ta san yadda gaisuwar safe kaɗai kan iya zama yaƙi ko sulhu. Ta kalli yarinyar da ke can birnin Beijing na ƙarni na 18 da idon wadda ta san aikin.

Masana sun riga sun lura da irin wannan game da finafinan Indiya. Brian Larkin, a nazarin da ya wallafa a 1997 bayan zamansa a Kano, ya nuna cewa Hausawa sun rungumi fim ɗin Indiya ne domin sun ga rikicin da suka sani a cikinsa: auren dole, ikon iyaye, saurayi da budurwa tsakanin so da biyayya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi sawun yadda wannan ya shiga littattafan soyayya da finafinan Kano. Wasannin fadar Sin sun zo da wani abu ƙari wanda Indiya ba ta cika bayarwa ba, wato gidan mata da yawa a ƙarƙashin miji ɗaya, da sarauta mai tsari. Akwai uwar sarki wadda maganarta ta fi ta kowa, akwai uwargida, akwai sa-ɗaka da kuyangi da babanni masu tsaron ƙofa da kai saƙo, akwai fadawa da ke zubewa su yi gaisuwa kafin su buɗe baki. Tufafin kuma masu rufe jiki ne tun daga wuya har ƙafa, ba rawa da waƙa kowane minti goma. Shi ya sa magidanci da yawa da ke ɗaure fuska idan ya tarar ana kallon wasu finafinan yakan ja kujera idan ya tarar da wannan.

Tsarin da ake gani a shirin ba ƙirƙira ba ne. A daular Qing, wadda ta mulki Sin daga 1644 zuwa 1912, matan sarki hawa-hawa suke: uwargida ɗaya, mai bi mata ɗaya, sai biyu, sai huɗu, sai shida, sannan na ƙasa waɗanda ba a ƙayyade yawansu ba. Kowane hawa da yawan kuyanginsa da kuɗinsa na shekara da irin tufar da aka yarda a sa. Ita ma Yingluo an gina ta ne a kan mace ta gaske, 'yar gidan Wei, wadda aka haifa a 1727 ta rasu a 1775, ta haifa wa Qianlong 'ya'ya shida, ɗaya daga cikinsu ya gaje shi da sunan Jiaqing a 1796. Ga wani abin da ya kamata ɗan Sakkwato ya riƙe: Qianlong ya hau mulki a 1735, yana kan gado aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, yana kan gado Shehu ya yi yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, Qianlong ya rasu a 1799, shekara biyar kafin hijirar Shehu zuwa Gudu. Duniyar da muke kallo a waya ta yi zamani da Degel da Alƙalawa.

Amma wasan kwaikwayo ba littafin tarihi ba ne, kuma son abu bai kamata ya rufe ido ba. Qianlong ɗin da ake nunawa yana zolayar matarsa shi ne wanda rundunarsa ta murƙushe mutanen Dzungar a shekarun 1750, ta kuma ci garuruwan Musulmi irin su Kashgar da Yarkand a 1759, yankin da ake kira Xinjiang yau. Bayan wannan yaƙin ne aka kawo wata Musulma 'yar ƙabilar Uyghur gidansa a 1760, wadda tarihi ya sani da muƙamin Rong, ta zauna a can har rasuwarta a 1788. Ina yawan tunanin wannan baiwar Allah, nesa da ƙasarta da kiran salla na garinsu. Mai kallo Musulmi ya dace ya san da ita, kamar yadda ya dace uwa ta zauna kusa da 'yarta idan ana nuna shan giya, da sujada ga sarki, da masu rataye kansu saboda baƙin ciki, domin duk suna cikin waɗannan shirye-shirye.

Ƙorafin da na fi ji daga bakin maza a yankinmu shi ne wasannin suna koya wa mata makirci: guba a cikin shayi, ƙazafi, haɗa kishiya da miji. Hukumomin Sin ma sun yi irin wannan kuka. A Janairun 2019 wata kafa ta jaridar gwamnati, Beijing Daily, ta zargi wasannin fada da ɗaukaka almubazzaranci da ƙulle-ƙulle, tashoshi suka janye su, kuma a Satumban 2020 aka sauke Yanxi daga dandalin da ya haife shi. Ban raina wannan damuwa ba. Sai dai duk wanda ya kalli Empresses in the Palace na 2011, mai kashi 76, har ƙarshe, ya san ba tallar makirci ake yi ba. Jarumar shirin, Zhen Huan, ta shiga gidan Sarki Yongzheng yarinya mai tsarkin zuciya, ta ƙare ta fi kowa iko, ta kuma rasa kusan duk wanda ta taɓa ƙauna. Shirin na nuna tushen cutar ƙarara: mata da yawa waɗanda abincinsu da mutuncinsu da makomar 'ya'yansu suka rataya ga fara'ar mutum ɗaya, shi kuwa ba dokar da ta tilasta masa adalci. Addininmu ya ƙayyade huɗu, ya wajabta raba kwana da ciyarwa daidai. Magidancin da ya ji tsoron abin da matansa za su koya a Yanxi, ya fi masa amfani ya dubi sarkin da ke cikin shirin, ya tambayi kansa ko akwai halin da suka yi tarayya.

Abin da ke ci mini rai a duk lokacin da na gama ɗaya daga cikin waɗannan shirye-shirye shi ne namu tarihin da ke kwance ba mai taɓawa. Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu, jarumi kuma mawaƙin Larabci da masana adabi suka sani, wanda 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi wa marsiyya da ya rasu. Ita Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa wa mata jagorori da ake kira jaji malfa, suna tafe ƙauye-ƙauye da ƙafa suna kai wa mata karatu. Ga Kanta da ganuwar Surame, wanda Adamu Halilu ya yi fim a kansa tun 1978, daga nan kuma shiru ya yi yawa. Sinawa sun gina gari guda na ɗaukar fim a Hengdian, lardin Zhejiang, da kwafin fadar Beijing a cikinsa, suka sa masana su binciko yadda ake ɗinki da kitso da gaisuwa a kowane zamani. Ingancin da ya ɗauki hankalin gwaggona daga can ya fito.

Na san akwai wahalar da su ba su da ita. Daular Qing ta faɗi tun 1912, marubuci na iya sa wa Qianlong maganar da ya ga dama. Mu kuwa jikokin Buhari na nan kan sarautar Tambuwal, Shehu da iyalansa malamai ne da muke girmamawa, kuma ba zan so in ga wani ɗan wasa ya fito da sunansu yana zancen soyayya ba. Amma ba dole sai da su ba. Yanxi ma ta ƙofar ɗakin ɗinki ya shiga fada. Ana iya ƙirƙiro jakadiya a gidan wani hakimi, ko budurwar da ta bi jaji daga wani ƙauyen Kebbe zuwa Wurno neman karatu, ko ɗan masaƙa da aka tura ribaɗi ya bar wadda aka yi masa baiko da ita, manyan kuma a ji labarinsu daga nesa. Kayan binciken na nan a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da kuma bakin tsofaffin Jabo da Sanyinna da Dogon Daji waɗanda har yanzu suna iya faɗin yadda ake kai lefe da yadda amarya ke shiga gidan sarauta a zamanin kakanninsu. Masu kallon da suka iya bin labari kashi 70 cikin harshen da ba su ji, suna biyan kuɗin caji da na turi daga ribar ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula, za su bi wanda aka yi da Sakkwatanci, muddin an yi shi da irin wannan kulawa.