Ko Kun Sani? Marin da Ya Sauya Rayuwar Lalita Pawar

Masu kallon tsofaffin fina-finan Indiya sun san fuskar nan: uwar miji mai ido ɗaya a kanne, wadda in ta harari amarya sai gaban mai kallo ya faɗi. Sunanta Lalita Pawar, kuma wannan idon ba kwalliyar fim ba ce.

An haife ta a 1916. Tun tana yarinya ta shiga fim a 1928, zamanin da fina-finai ba su da murya, har ta zama jarumar da ake ji da ita. A 1942, ana ɗaukar fim ɗin Jung-e-Azadi, aka ce abokin wasanta Bhagwan Dada ya mare ta. Ya kuwa zabga mata mari da gaske, jijiyar idonta na hagu ta fashe, gefen fuskarta ya shanye. Shekara uku tana jinya. Da ta dawo, babu mai ba ta matsayin budurwa.

Ba ta karaya ba. Ta rungumi fitowa a uwa, suruka da kaka, ta kuma gwanance. Ba kullum take muguwa ba: a fim ɗin Shree 420 (1955) ita ce mai sayar da ayaba mai tausayin jarumi Raj Kapoor, Anari (1959) kuma ya samo mata lambar yabo ta Filmfare. A talabijin ta fito a Manthara, kuyanga mai zuga, cikin shirin Ramayan na 1987.

Ta rasu a birnin Pune a 1998, bayan kusan shekara 70 tana wannan sana'a.