Garejin da Ya Koma Ɗaki: Bangon Katako a Birnin Zariya

Wanda ya bi titi daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo zai lura da ƙofofin gareji da babu mota a bayansu. Wani ya zama shagon cajin waya, wani na tela, wani kuma an raba shi biyu, gaba shago, baya ɗakin saurayi. Abin da ke raba su sau da yawa katako ne da filawud, kuma mai gida ko ɗansa ne ya buga da hannunsa.

Gareji kansa baƙo ne a cikin ganuwa, inda lunguna da dama mota ba ta shiga. Ya yawaita ne a gidajen bakin titi tun shekarun arzikin mai, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Wasu har gefen zaure suka fasa don samar wa mota makwanci. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, riƙe mota ya gagari masu ƙaramin albashi, wasu suka sayar. Ga ɗaki ba kowa, ga yara sun girma, ga masu neman shago.

To me ya sa katako, a garin da ya yi suna da gini? Nan ne fa Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Amsar farko kuɗi ce: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, ga bulo, ga yashi, ga ladan birkila. Katako kuwa a ɗauko daga 'Yan Katako a Sabon Gari, a sa a Keke Napep, zarto da guduma sun wadatar. Amma dalilin da ya fi nauyi a ganina shi ne gado. Gidajen birni da yawa na magada ne da ba a raba ba. Wanda ya ɗora bulo, 'yan'uwa za su ce ya kafa hujjar mallaka, sai rigima. Wanda ya buga katako kuwa yana iya cewa na wucin gadi ne, gobe a cire.

Aikin ba shi da wuya, sai dai ɗan koyo yakan faɗi a wurare sanannu. Fallen filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, don haka dole tsayayyun katakai su zo a tazarar ƙafa 2 ko inci 16, domin bakin kowane falle ya sauka a kan katako. Mai awo da ido sai ya tarar da bakin falle yana lilo, babu inda ƙusa za ta kama. Daɓen gareji kuma yawanci an karkata shi zuwa ƙofa saboda ruwa, wanda ya yanke katakansa tsawo ɗaya zai ga gefe guda bai kai silin ba. Wasu kan sayi katakon tu-bai-tu don rahusa maimakon tu-bai-fo, su rataya masa ƙofa, wata biyu ta daina rufuwa. Ɗanyen katakon da aka kawo daga Kudu kuwa, da hunturu ya busa sai ya murɗe.

Babbar abokiyar gaba ita ce gara. Magabata sun zaɓi azarar giginya ne saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Farin katakon kasuwa da aka jingina da bangon ƙasa, ko aka kwantar a kan daɓe mai danshin damina ba tare da magani ko baƙin mai ba, abinci aka ajiye mata, daga nan ta haura rufi. Sai wuta: waya da aka ja a bayan filawud ba a cikin bututu ba, a shagon da ke cajin wayoyi da yawa, kusa da janareta da galan ɗin fetur.

Akwai kuma hasarar da ba a lissafawa da naira. Tsarin gidan Bahaushe, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, an yi shi ne don sutura, kuma kaurin bangon tubali yana tare zafi da murya. Filawud ba ya tare ko ɗaya. Matar aure da aka sa a irin wannan ɗaki, tarinta ma masu sayayya a shagon suna ji. A watan Afrilu kuwa, ƙofar ƙarfe da rufin kwano kan mai da ɗakin tanda, tunda gareji da wuya a same shi da taga.

Ga shago ko ma'ajiyar kaya, bangon katako zaɓi ne mai hankali, musamman a gidan da ba a raba ba. Ga ɗakin kwana, sai an fasa taga, an ɗora layi ɗaya ko biyu na bulo a ƙasa don raba katako da danshi, an rufe fuska biyu an cusa wani abu a tsakani. Idan aka haɗa kuɗin waɗannan, ratar da ke tsakaninsa da bangon bulo ba ta da yawa.