Binciken Lafiyar Uwar Garke da Batun Lambar Ƙofa

Na'urar nan mai shiga tsakani aikinta ya yi kama da na sarkin tasha: ita ke karɓar buƙatun jama'a daga intanet, ta rarraba su ga uwayen garken da ke bayanta. Don kada ta tura mutum wurin wadda ta tsaya, takan ƙwanƙwasa wa kowacce ƙofa loto-loto, ta ji ko za a amsa. Wannan shi ake kira binciken lafiya. Ƙofa kuwa a nan lamba ce kurum, tsakanin 0 da 65535, wadda manhaja ke sauraron kira a kanta.

Alal misali, manhajar HAProxy, wadda Bafaranshe Willy Tarreau ya fitar a 2001, bisa al'ada takan yi bincike kowane daƙiƙa 2. In aka kasa amsawa sau 3 a jere sai ta fitar da uwar garken daga layi, ba ta kuwa mayar da ita sai ta amsa sau 2. Idan ba a faɗa mata wata lamba ba, ƙofar da ake aiki da ita take ƙwanƙwasawa.

To, amma ba kullum wannan ke wadatarwa ba. A rumbun bayanai na MySQL da aka haɗa da Galera, ƙofa ta 3306 na iya amsawa alhali bayanan da ke ciki sun saɓa da na 'yan'uwanta. Saboda haka akan ajiye ƙaramar manhaja a ƙofa ta 9200, wadda ke mayar da lamba 200 in lafiya, 503 in akwai matsala, sa'an nan a umarci HAProxy ta yi bincikenta can.

Daga nan haɗari ke ɓullowa, domin lambar ta zauna wuri biyu ke nan. Ranar da ma'aikaci ya sauya ta a uwar garke ya manta da ɗaya wurin, cikin kamar daƙiƙa 6 za a kori na'urori masu ƙoshin lafiya duka, aiki ya tsaya cik. Abin da ya fi wannan muni shi ne wata manhaja dabam ta gaji tsohuwar ƙofar tana amsawa, a yi ta tura jama'a wurin matacciya.

Maganin shi ne a rubuta lambar wuri guda, a ba ta suna, uwar garke da mai binciken su riƙa karanto ta daga can. HAProxy na iya karanta irin wannan suna cikin fayil ɗin tsarinta. Bayan kowane sauyi kuma, ya kamata a kashe uwar garke ɗaya da gangan, a ga ko mai binciken ya lura.