Somin Halittar Tayi da Yanayin Haihuwa a Wurin Dabbar Tupaya

Gabatarwa

Tupaya wata 'yar ƙaramar dabba ce mai kama da kurege, wadda ake samu a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. Turawa kan kira ta jaɓar bishiya, alhali kuwa ba jaɓa ba ce. A shekarar 1945 masanin nan G. G. Simpson ya sanya ta cikin dangin birrai, amma daga baya masana suka ware mata rukuni nata na daban. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa yanayin haihuwarta yana daga cikin hujjojin wannan rarrabewa.

Somin Tayi

Bayan barbara, maniyyi yakan sadu da ƙwai a cikin bututun da ke kaiwa ga mahaifa. Daga nan ƙwan yakan yi ta rabuwa, biyu, huɗu, takwas, har ya zama ɗan ƙunshi mai kogo. Ƙwayoyin da ke ciki su ne za su zama tayi, na waje kuwa su ne tushen mabiyiya. Cikin kamar mako guda ƙunshin yakan manne a mahaifa, a wasu gurabu da aka riga aka tanada a bangonta. Saboda haka kowane tayi yakan sami mabiyiya mai faifai biyu, ɗaya daura da ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, jinin uwa ba ya fita daga jijiyoyinsa. A wurin mutum da birrai kuwa, mabiyiya takan huda jijiyoyin, jinin uwa ya malalo ya taɓa ta kai tsaye.

Haihuwa da Reno

Ciki yakan ɗauki kimanin kwana 45. Uwa takan haifi ɗa ɗaya zuwa uku, ba gashi, idanu a rufe, kowanne nauyinsa kamar giram 10. A shekarar 1968 R. D. Martin ya bayyana cewa uwar takan ajiye 'ya'yan a wata sheƙa daban da tata, ba ta zuwa shayar da su sai sau ɗaya cikin sa'a 48, na 'yan mintoci kaɗan. Abin da ke riƙe su shi ne yawan maiƙon nonon, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ya saɓa wa al'adar biri, wanda ba ya rabuwa da ɗansa.

Kammalawa

A shekarar 2013 masu bincike a Kunming ta ƙasar Sin suka fitar da taswirar ƙwayoyin gadon tupaya, suna neman ta maye gurbin birrai a wasu gwaje-gwaje, domin ta fi sauƙin kiwo. Mun yarda da amfanin haka. Sai dai muna jan hankalin 'yan'uwa malamai cewa, tun da mabiyiyar ta bambanta, bai kamata a ɗora sakamakon gwajin magani a kan cikin tupaya bisa mace mai ciki ba, sai an ƙara tantancewa.