Niyi Adeolokun: yaron Ibadan da ya sa rigar Ayalan sau ɗaya tak

Shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Samaru ko Sabon Gari ranar Asabar, ka ce a lissafo maka 'yan asalin Najeriya da ke taka leda a Turai. Kafin ka rufe baki an kawo ashirin. Amma ka ambaci Niyi Adeolokun, sai wuri ya yi tsit. Ba laifin kowa ba ne, domin wasan da ya yi suna a cikinsa shi ne zari-ruga, wanda mu nan Basawa ko a talabijin da wuya mu ci karo da shi. Mun kawo muku labarinsa ne saboda ku ƙannenmu na sakandare kullum cikin tankaɗe da rairaya kuke. Yau malamin wasanni ya karanto sunayen waɗanda za su wakilci makaranta, gobe a kafe sakamakon jarrabawa, wani ya shiga, wani a bar shi a bakin ƙofa. Niyi ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar nan.

Bari mu fara da wasan kansa. Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana yin minti 80. Ƙwallon ba zagayayye ba ne, ya fi kama da ƙwai. Ana rungumarsa a ruga da shi, abokin hamayya kuma yana da damar ya kama ka ya kayar. Dokar da ta fi ba baƙo mamaki ita ce ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. In kana son ya yi gaba, ko ka gudu da shi ko ka buga da ƙafa. Wanda ya kai shi bayan layin abokan hamayya ya dangwala a ƙasa ya ci maki biyar, sannan a ba su bugu ɗaya mai maki biyu. Ƙattai su ne a gaba suna ture-ture, masu gudu kuma a baya. Niyi ɗan gefe ne, wato wanda ake jira ƙwallo ya iso hannunsa ya nuna wa mutane ƙura.

An haife shi a Ibadan ranar 3 ga Nuwamba, 1990. A 2001 iyalinsa suka koma Dublin, babban birnin Ayalan, lokacin bai wuce shekara 11 ba. A makarantar De La Salle da ke unguwar Churchtown ya fara zari-ruga, amma ba shi kaɗai ya riƙe ba. Ya buga ƙwallon gargajiya na mutanen ƙasar da ake kira Gaelic, ya kuma buga ƙwallon ƙafa har ya shiga cikin matasan ƙungiyar Shelbourne. Ku riƙe wannan batu na ƙwallon ƙafa, zai yi rana a gaba.

A Ayalan manyan ƙungiyoyin zari-ruga huɗu ne, ɗaya ga kowane lardi: Leinster, Munster, Ulster da Connacht. Dublin tana cikin Leinster, kuma Leinster ce mai kuɗi da manyan taurari. Yaron da ya tashi a can, burinsa a ɗauke shi cikin matasanta. An kira Niyi cikin 'yan ƙasa da shekara 19, aka duba shi, aka sallame shi.

Da yawa daga nan suke rataye takalmi. Shi sai ya koma ƙungiyar jami'ar Trinity, wadda aka kafa tun 1854, yana buga gasar kulob-kulob ta cikin gida, inda babu albashin ƙwararru, babu 'yan jarida. Shekara huɗu ya yi a haka. Ku auna da kanku: kamar daga aji uku har a gama sakandare ke nan, sa'o'insa suna fitowa a talabijin, shi yana atisaye cikin sanyi da ruwan sama.

Mai horar da shi a Trinity, Tony Smeeth, shi ne ya ƙi yarda baiwar yaron ta tafi a banza. Ya kai maganarsa ga Connacht, can birnin Galway a gaɓar yamma, tafiyar da ta ɗan fi daga Zariya zuwa Kano. Aka kira shi gwaji a 2014, ya buga wasan sada zumunci da wata ƙungiya daga Rasha, kocin Connacht Pat Lam ya gani ya ce a ba shi kwantiragi. Yana da shekara 23, shekarun da a wannan sana'a ake ganin mutum ya makara.

A nan muna so mu ɗan tsaya. Wanda ya buɗe masa ƙofa koci ne da ya san shi shekara da shekaru, ya san ƙwazonsa, ya ba da shaidar aikinsa ga ƙungiya mai suna da adireshi. Wannan daban ne da mutumin da zai zo bakin fili ya ce shi wakilin wata ƙungiya ce a Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Kun san irin labaran. Duk wanda ya fara da neman kuɗin iyayenku kafin ya ga wasanku sau goma, ku kai maganarsa gaban malamin wasanni tukuna.

Connacht ɗin ma 'yar bora ce a gidan. A 2003 hukumar zari-ruga ta ƙasar ta yi niyyar rushe ƙungiyar ƙwararrunta don tsimin kuɗi, sai da magoya baya suka yi tattaki a titunan Dublin aka fasa. Tun kafa ta a 1885 ba ta taɓa ɗaga babban kofi ba. To, sai ga kakar 2015 zuwa 2016 a gasar Pro12, wadda ta haɗa ƙungiyoyin Ayalan, Skotlan, Wales da Italiya. Connacht ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta doke Glasgow mai riƙe da kofin da maki 16 da 11, kuma Niyi ne ya dangwala ƙwallo a ranar.

Wasan ƙarshe aka yi shi ranar 28 ga Mayu, 2016, a filin Murrayfield da ke Edinburgh. Da wa? Da Leinster, wadda ta sallame shi yana yaro, wadda kuma a lokacin ta riga ta ci kofin Turai sau uku. Cikin zagaye na farko ƙwallo ya iso wa Niyi a gefen dama, masu tsaron baya sun tare hanya. Maimakon ya yi karo da su, sai ya ɗaga ƙwallon da ƙafa ta saman kansu, ya bi shi da gudu, ya sake tura shi gaba da ƙafa kamar ɗan ƙwallon ƙafa, ya riga kowa isa ya dangwala. Abin da ya koya a Shelbourne ke nan. Aka tashi Connacht 20, Leinster 10. Ku nemi bidiyon a YouTube in kun sami data.

Rigar ƙasa ta biyo baya. Ranar 12 ga Nuwamba, 2016, mako guda bayan Ayalan ta doke Nuzilan a karon farko cikin shekara 111, koci Joe Schmidt ya sako Niyi daga benci a wasa da Kanada a Dublin. Ayalan ta ci 52 da 21. A al'adar zari-ruga, wanda ya wakilci ƙasarsa a karon farko hula ake ba shi ta gaske, ya ajiye ta a gida. Niyi ya karɓi tasa, kuma bai sake buga wa babbar tawagar ba. Raunuka sun yi ta kawo masa cikas, masu neman gurbin gefe kuma suna da yawa. A 2020 Connacht ta rabu da shi, sai Pat Lam, wanda a lokacin ya koma Bristol a Ingila, ya sake kiransa.

Wani zai taɓe baki ya ce wasa ɗaya kawai? Mu ba mu ga abin raini a nan ba. A kowane wasa 'yan gefe biyu kacal ake sawa, a ƙasar da take cikin manyan duniya a wannan fage. Kuma mu 'yan Zariya mun fi kowa sanin cewa ba a auna ɗan wasa da yawan fitowarsa fili kaɗai. Masai Ujiri a nan garin ya tashi ya koyi ƙwallon kwando, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin a 2019.

Ga mai sha'awar gwada zari-ruga, ba sai an je Dublin ba. Najeriya tana da tawagarta, Black Stallions, kuma a Kano akwai ƙungiyar Barewa da ta daɗe tana koya wa yara wasan. Akwai ma nau'in da ba a kayar da kowa, taɓa mutum kawai ake yi ya miƙa ƙwallo, wanda maza da mata za su iya yi a filin makaranta. A can Ayalan kuwa wasu masu jinin Najeriya sun biyo sahu: Cormac Izuchukwu na Ulster, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya karɓi tasa hular a wasa da Fiji cikin Nuwamban 2024.