Daga Kornaka zuwa teburin ganawa: inda takardar digiri ba ta isa ba

Ɗan Kornaka da ke son karatun kasuwanci sai ya bar gundumar Dakoro. Galibi Tawa ake nufa, Jami'ar Djibo Hamani, ko Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Iyaye su sayar da gero da wake su biya kuɗin mota da na haya, suna jiran ranar da za a ce yaro ya samu aiki.

A Indiya ko Amurka, kamfanoni ne ke shiga makaranta su zaɓi ɗalibai tun kafin su kammala. A Nijar ba kasafai ake ganin haka ba. Mai digiri shi zai yi rajista a hukumar ANPE, ya nemi sitaj, ko ya tafi bautar ƙasa ta shekara 2.

Ranar ganawa kuma, sai harshe ya tare hanya. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, amma da Faransanci ake tambayoyi a bankuna da ƙungiyoyin agaji na Maraɗi. Yaron da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban manya, shi ake so ya dubi darakta ido cikin ido ya yabi kansa. Nan da yawa ke faɗuwa, ba don rashin sani ba.

Abin takaici, wasu kan ɓoye ƙauyensu. Alhali mai ba manoma rance yana neman wanda ya san yadda farashin gero ke faɗuwa da kaka, ya tashi da bazara.