Tantance Fayilolin da Suka Sauya Bayan Saɓanin Haɗe Rassa a Manhajar Git

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana yadda ake gane fayilolin da suka sauya in an haɗe rassan aiki biyu a Git, wato manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a shekarar 2005 don adana tarihin gyare-gyaren rubutu. Za mu ɗauko misalinmu daga masarautar Gumel.

2.0 Mafarin Saɓani

Mu ƙaddara wasu ma'aikata suna tattara farashin amfanin gona a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kowace da nata fayil. Ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ta ci, sai mutum biyu suka gyara layin farashin riɗi, kowa a reshensa, adadinsu kuwa ya bambanta. Na biyun ya kuma taɓa fayilin Gagarawa. In aka zo haɗewa, Git zai shigar da gyaran Gagarawa ba tare da ya tambayi kowa ba, amma a fayilin Maigatari zai tsaya, sai mutum ya yanke hukunci.

3.0 Hanyoyin Tantancewa

Muddin ba a warware saɓanin ba, umurnin da ke jero fayilolin da suka maƙale shi ne:

git diff --name-only --diff-filter=U

Bayan an warware an adana, sai lamarin ya canja, domin ajiyar haɗewa iyaye biyu gare ta. Umurnin git show --name-only ba ya nuna sai fayilin da ya saɓa wa iyayen duka biyu. Ke nan fayilin Gagarawa ba zai fito ba. Haka shi ma na Maigatari zai ɓuya idan gyaran mutum ɗaya aka ɗauka ɗungurungum. Don haka sai a auna da reshen da aka haɗe a cikinsa:

git diff --name-status HEAD^1 HEAD

A nan kowane fayil zai fito da alamarsa: M ga wanda aka gyara, A ga sabo, D ga wanda aka share.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa fayilolin da suka jawo saɓani daban, waɗanda suka sauya daban. Mai duba aiki da ya tsaya ga na farko zai iya barin kuskuren farashi ya shige rahoto ba wanda ya gani. Shawararmu ita ce a riƙa duba jerin na biyu kafin a amince da kowace haɗewa.